Ɗan Farina da Bencin Baya

Tun yana da shekara huɗu na san yaron nan ba ya gani da nisa. Ba wanda ya gaya mini, ni na lura. Idan kakarsa ta kira shi daga bakin rijiya, ba fuskarta yake nema ba, muryar yake bi, ya karkata kai, sai ya kusa cin karo da ita sannan ya yi dariya. Idan shaho ya gitta, yara suka ɗaga kai suna ihu suna nuni, shi ma sai ya ɗaga kai ya taya su ihun, amma yatsansa wani wuri daban yake nunawa. Allura kuwa in ta faɗi kusa da shi, kafin kowa ya sunkuya ya tsince ta. Na ɗauki wannan abu na ajiye a ciki, ina kwana da shi ina tashi da shi, kusan shekara goma, tun kafin ya zama wani abin da za a ce ya faru.

Shi ne ɗan farina, kuma ko a nan ba zan rubuta sunansa ba, hannuna bai saba ba. 'Yan yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. Ina ganin jikokina mata suna ɗaukar 'ya'yansu na fari a gaban kowa, suna kiran sunansu tun daga ƙofar gida, har su ɗauki hotonsu a waya suna nuna wa baƙi. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye in akwai mai ji, ba ta nuna ta san ya ci ko bai ci ba. Ranar da aka yaye shi, uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ta aiko aka ɗauke shi zuwa ɗakinta, can ƙarshen tsakar gida. Ita yake kira Inna, ni kuma Yaya. In ya shigo ta nan sai in bi ta can. In ya zama dole mu haɗu a hanyar madafi sai in ja gyale in kau da kai. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san ba ƙiyayya ba ce. Haka muka taras ana yi, kuma da haka ake auna tarbiyyar mace.

Ni kuwa ina da dalilin da ya sa na fi kowa tsanantawa. 'Yar Argungu ce ni, gidanmu masunta ne. Na tashi da ƙarar gora tana bugun ruwa, da warin kifin da ake bandawa, da muryoyin mata a fadama suna kiran juna tun daga wannan gaɓa zuwa waccan. A can ba a magana a hankali, gulbi ba ya bari a ji. Da aka kawo ni Birnin Kebbi gidan malamai, inda ko tari ake yi a hankali saboda masu karatu a zaure, sai matan unguwa suka samu abin tsokana. In na ɗaga murya kaɗan sai wata ta ce, a bar ta, ta ɗauka tana cikin jirgi ne. Wata tsohuwa ta taɓa cewa a gabana, tana dariya, wai 'yan bakin gulbi da ruwa suke wanke kunyarsu tun suna yara. Na yi dariyar tare da su, amma na ƙudurta a raina sai na fi 'ya'yan birni kunya. Na kuwa fi su. Har aka kai ana ba da misali da ni a gidajen biki, ana cewa matar Malam ko inuwar ɗanta ba ta takawa. Inna takan ji daɗin wannan magana ƙwarai. Ni ma, in faɗi gaskiya, ina jin daɗinta.

Sau biyu na gwada faɗa. Na farko yana wajen shekara shida. Ina tsintar shinkafa kusa da Inna, na ce, kamar da faifai nake magana, yaran gidan nan idanunsu na son a duba. Inna ta ce gaskiya ne, ta ɗauko tandun kwalli ta jera su duka, har da na maƙwabta, ta rambaɗa musu. Shi ke nan. Na biyu kuwa ga mijina ne. Malam mutum ne mai sauƙin kai, yana koyarwa a zaure, da rani kuma yana fataucin goro da tufafi, sai ya yi wata biyu ba ya gari. Wata rana da hantsi na kawo masa fura, ba kowa, na ce yaron wajen Inna kamar idonsa bai kai nesa ba. Ya ajiye ludayi ya dube ni yana murmushi.

“Ke da ba ki kallonai, ina kinka ga idonai?”

Wasa yake yi, har da dariya. Ni kuwa kamar an kama ni da hannu a tukunyar wani. Na ce Inna ce na ji kamar ta ambata, na kwashi ƙwarya na fita. Daga ranar ban ƙara ba.

Abin da ya rufe maganar shi ne yaron yana da kai. A makarantar allo ba wanda ya kai shi, don allo a cinyarka yake, kusa da hanci. Da aka sa shi elemantare, shi ne ƙarami a ajinsu, a gaba ake zaunar da shi, kuma abin da malami ya faɗa sau ɗaya ya zauna masa. Shi kansa bai san akwai wani gani da ya wuce nasa ba. Yana tsammanin kowa haka yake ganin duniya, abin kusa a fili, abin nesa a dame. Inna kuwa nata idon ya fara tafiya. Sai ya zama a gidan nan kaf ni kaɗai na sani, ni da ba ni da bakin faɗa.

Shekarar da aka samu mulkin kai aka ɗauke shi babbar makarantar lardi da ke bayan gari. Ina tuna ya dawo da 'yar tuta kore da fari a hannu, da kofi na ƙarfe da aka raba musu, ya miƙa wa Inna duka biyun. A lokacin ina goye da ta huɗu, ban kai talatin ba. Maganar da ke bakin kowa, daga zaure har wajen daka, ita ce Turawa za su tafi su bar kujeru, kuma yaran da ke wannan makaranta su za su hau. Malam da ya daɗe yana ɗari-ɗari da boko, har shi sai da ya ɗinka wa yaron sabuwar riga ya raka shi da kansa.

Ni ban taɓa shiga makarantar ba, har yau. Da kunne na san ta. A wancan lokaci tsakaninmu da ita ba komai sai gonakin gero da 'yan itatuwan gawo, ba kamar yanzu da gidaje suka haɗe tun daga Badariya har Gwadangaji, babura da keke suna ta ƙugi, ko kiran sallar masallacin kusa sai ka kasa kunne. Da can in iska ta juyo ina jin ƙararrawarsu ta safe ina wanke-wanke. Da hantsi shiru, suna aji. Bayan azahar kuma sai a fara jin guduma, tim, tim, da kukan zarto siriri, wani lokaci da ƙarar ƙarfe a kan uwar maƙera. Sauran abin da na sani daga bakinsa na ji, in ya zo gida ran Asabar yana ba Inna labari, ni kuma ina madafi na rage wuta don kada ƙarar itace ta hana ni ji. Makarantar gida biyu ce a shinge ɗaya. Shekarun farko kowa yana yin duka: Turanci, lissafi, labarin ƙasa da kimiyya da safe, da yamma kuma a zagaya da su ɗakin kafinta, da maƙera, da wajen gini, da gonar makaranta. Daga nan sai a raba su. Waɗanda sakamakonsu na aji ya yi kyau su bi ɓangaren littafi, su yi babbar jarrabawa, wasu su wuce gaba har su zama likitoci da alƙalai. Sauran su bi ɓangaren sana'a, su fito da takardar shaida da aikin hannu. Wanda aka sa a ɗaya ba ya komawa ɗayan.

Shi likita yake so ya zama. Ya sha gaya wa Inna cewa shi zai wanke mata ido ta koma ganin zaren allura. Ita kuma ta ce masa ya fara wanke wuyansa tukuna, miji ƙazami ba ta so.

A shekara ta biyu ya yi wani irin tsawo, kamar dawa da ta samu taki. Wata Asabar na ji yana gaya wa Inna, yana alfahari, cewa yanzu ya fi kowa tsawo a ajinsu, an mai da shi bencin baya, tunda bisa tsawo ake jera su don kada manya su tare wa ƙanana allo. Ina tuƙa tuwo a lokacin. Ban daina tuƙi ba. Daga wannan zangon takardar sakamakonsa ta fara sauka. Malam yakan kai ta wurin wani akawu a karanta masa, ya dawo ya ce yaro ya fara wasa. Ya yi masa faɗa, ya yi masa rubutu ya sha. A ɗakin kafinta kuwa, inda katako yake dab da ido, ba wanda ya kama ƙafarsa.

Malamin kafintocin wani ne da ake kira Malam Bitrus, Kirista, daga duwatsun wajen Jos aka kawo shi aiki. Matarsa Rifkatu takan zo wurina kitso duk bayan mako biyu, don hannuna yana da kyau a kitso, kuma ni ba na fita. Mace ce mai fara'a, mai magana a miƙe. Takan kawo mana acca in sun dawo daga gida, mu kuma mu ba ta busasshen kifi in an aiko mini daga Argungu. Matan gidan suna tsokanarta da Hausarta, ita ma ta rama, ta ce mu ne muke cinye rabin magana mu bar mata ƙashi. Ta daɗe a cikinmu, amma akwai abubuwanmu da ba ta gama sani ba.

Ranar da ta zo da maganar, Inna na kan tabarma a gindin darbejiya, ga maƙwabta biyu sun shigo aron turmi sun zauna hira. Kan Rifkatu yana tsakanin gwiwoyina, na tsaga da kibiya na kama layi na uku. Sai ta ce maigidanta ne ya aiko ta da tambaya. Wai an kusa raba yara, sauran mako uku a liƙa sunaye, kuma sunan yaron gidan nan yana cikin na ɓangaren sana'a. Shi Malam Bitrus zai yi murna da samunsa, amma abin yana damunsa. Yaron da ke lissafin inci da rabin inci a ka, kafin malami ya gama ɗauko fensir, ta yaya zai faɗi lissafi a aji? Ya ce ko akwai wani abu da malaman aji ba su sani ba, wani ciwo tun na yarinta, ko kunne, ko wata damuwa a gida. In akwai, zai kai maganar gaban shugaban makaranta kafin a rufe takarda. Ta ɗan juyo da kai, gashinta na hannuna.

“Ya ce ke zan tambaya, ke da kika haife shi. Uwa ba ta rasa sani.”

Maƙwabtan nan suka kwashe da dariya, ɗaya har da tafa hannu, ta ce yau Rifkatu ta ɗebo ruwan da ba za ta iya sha ba. Inna ba ta yi dariya ba, ta dai ɗago kai ta fuskanci inda nake, tana jira. Maganar tana bakina. Kalma huɗu ce ko biyar. Na ji ta a kan harshena kamar tsakuwa a cikin shinkafa.

“Ni ba ni da ɗa makaranta,” na ce. “Ki tambayi mai shi.”

Inna ta gyara zama. Ta ce lafiyar mijinta lau, ko ƙyanda da sauƙi ta zo masa, kunnensa kuwa har abin da ba a so ya ji yana ji. In ya faɗi jarrabawa to wasa ne ya yi masa yawa. Maƙwabciyar ta ce wa Rifkatu, kin gani ko, wannan ko wuta ta kama rigarsa sai dai ta ce wa Inna ana jin ƙauri. Aka sake dariya. Rifkatu ba ta yi ba. Na ji wuyanta ya ƙage a hannuna. Na san abin da ta ɗauka: ta ɗauka ban damu da shi ba.

Da na gama na rako ta bakin zaure na ciki, inda iyakata take. Ta ɗaura ɗankwali, ta ce a hankali, ba ta dube ni ba, in akwai magana ko ba yau ba in aika, gidansu ba nisa.

Mako ukun nan ina iya ba da labarin kowace rana a cikinsu, kuma ba abin da ya faru a ko ɗaya. Lokacin shinkafa ne, an kawo mana buhuna daga fadama. Mu jiƙa, mu turara, mu shanya a tsakar gida, mu kori kaji, mu kwashe, mu surfa, mu bakace. Kullum da safe in ce yau zan aika. To wa zan aika, in ce masa me? Duk wanda na aika ya ji, kuma kafin la'asar unguwa ta ji cewa matar Malam, wadda ake misali da ita, ashe shekara da shekaru tana leƙen ɗanta ta ƙasan gyale. Na iya 'yan baƙaƙe daga ajin yaƙi da jahilci da aka taɓa yi mana a gidan mai unguwa, na yi tunanin rubutawa, har na yagi takarda daga tsohon littafin ƙanensa. Na rubuta ido. Na tsaya ina kallon kalmar, ban san abin da zan sa a gabanta ba tare da na ambace shi ba. Na sa takardar a murhu. Na ce wa kaina in Rifkatu ta dawo kitso zan faɗa mata a kunne. Ranar kitsonta ta zo ba ta zo ba, ashe ɗanta ne ba lafiya. Bayan azahar ina jin gudumarsu daga nesa ina juya shinkafa da ƙafa. Haka kwanakin suka ƙare, ɗaya bayan ɗaya, ban yanke shawarar yin shiru ba, ban dai yi magana ba.

Ya dawo hutu da 'yar kujerar tsuguno a hannu, wadda ya yi da kansa, ba ƙusa ko ɗaya a jikinta, katako ne ya shiga cikin katako. Ya ajiye wa Inna. Ta shafa ta, ta zauna, ta ce yau miji ya yi abin kai. Sai ya gaya mata an sa shi ɓangaren sana'a. Bai yi kuka ba. Ya ce shi ma ya duba ya ga gaskiyarsu. Abin da malami ya faɗa da baki yana ganewa, amma da an juya an rubuta a allo, sauran yara su yi ta kwafa, shi kuwa sai abin ya dame masa, ya leƙa na maƙwabcinsa a ce yana satar amsa.

“Kaina na, Inna,” ya ce. “Iyakar inda yak kai ke nan.”

Ina bayan danga ina daka. Na ci gaba da daka, don in na tsaya za a san ina ji. Bayan kwana biyu Malam ya ce a gidan nan tun kakanni alƙalami aka sani, amma Annabi Nuhu ma kafinta ne, Allah ya sa albarka. Rifkatu ta ci gaba da zuwa kitso har aka yi musu canjin wurin aiki. Muna gaisawa, muna dariya, amma ba ta ƙara kawo mini acca a hannuna ba, Inna take miƙa wa.

Ba zan ce ɓangaren sana'a ya cuce shi ba, in na faɗi haka na yi ƙarya. Sun koya masa aiki na gaske. Da safe suna ɗan yin Turanci da lissafin awo, sauran yini suna kan katako. Ya iya zana gini a takarda kafin a kafa shi, ya iya ɗora rufin kwano, ya iya ƙofa da taga da kabad. Malam Bitrus ya riƙe shi kamar ɗansa. Da ya gama aka ɗauke shi aikin gwamnati, ya yi ta yawo ƙauyuka yana rufa azuzuwa yana haɗa tebura da bencina. Shi ya cire mana jinka ya sa kwano. Ya yi aure, ya yi gidansa, bai taɓa roƙon kowa ba. Abokansa na ɓangaren littafi kuwa wasu sun hau kujerun nan da ake faɗa. Ɗaya ya zama likita, yakan tsaya da mota a ƙofar shagonsa su gaisa, ya ce masa da can kai ne kake koya mana lissafi a ɗakin kwana. Shi kuma ya yi dariya ya ce kowa da inda kansa ya tsaya. Wannan maganar ce ba na so. Ya faɗe ta shekara da shekaru, a gaban 'ya'yansa ma, ba da ɗaci ba, kamar mai faɗin tsawonsa.

Ya haura talatin lokacin da wani injiniya da suke aiki tare ya lura ba ya ganin alamar da ake yi masa daga ɗaya ƙarshen gini, ya matsa masa ya je asibitin ido a wani gari mai nisa. Inna ta riga ta rasu, Malam ma. Ranar da ya dawo ina can ƙarshen tsakar gida ina bakace, da la'asar. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa da tabarau mai kauri a fuska. Ya daɗe a tsaye. Na ja gyale kamar yadda na saba, amma hannuna da faifai, bai rufe ba.

“Yaya,” ya ce, “ashe tsagarki har kunne tak kai.”

Tsagar Kabawa ce a fuskata, tun ina jaririya, duk wanda ya gan ni daga nesa ya san daga inda na fito. Shi bai taɓa ganinta sosai ba. Daga nesa ba ya gani, kusa kuwa ban taɓa bari ba.

Ya shigo ya zauna a bakin rijiya. Ya ce likitan ya gaya masa da abin aka haife shi, kuma ya yi mamakin yadda ya yi makaranta a haka. Likitan ya tambaye shi, duk gidanku ba wanda ya lura? Yana faɗa yana kallon ƙasa, ba ni yake tambaya ba, labari yake bayarwa. Ba kowa a gidan sai ni da shi da kaji.

Na ce, “Na lura.”

Ya ɗago. “Tun yaushe?”

“Tun kana shekara huɗu.”

Wannan ne karo na farko da na ce masa kai. Ya cire tabaran, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya dube ni, ni ma ban kau da kai ba. Na jira ya yi faɗa, ko ya tambaye ni dalili. Sai ya ce, “To.” Can ya ce ƙofar madafin nan ta saki, gobe zai zo da guduma. Ya kuwa zo ya gyara.

Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Yanzu ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa shago, kowace Juma'a yana zuwa gaishe ni a cikin keke, ya zauna kusa da ni, tunda yanzu nawa idon ne ya fara tafiya. Abu ɗaya na lura, tun daga ranar ban ƙara jin ya ce kansa ne ya tsaya ba. Ban sani ba ko sauƙi ya samu ko wani nauyin na ɗora masa. Ban tambaya ba.

An ce makarantar tana nan, an ƙara mata gine-gine, har da 'yan mata ake ɗauka, kuma har yanzu ana raba yara gida biyu. Ba na jin ƙararrawarta, ba na jin guduma, ko an daina ko gari ne ya cika da ƙara, ban sani ba. Kunyar ɗan fari ma ta tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba a ƙauyuka. Ba na kewarta, ba na kuma zaginta. Mutanen da suka koya mini ita mutanen kirki ne.

Roƙona ga mai karanta wannan kaɗan ne. In kai malami ne, kafin ka yanke wa yaro ɓangaren da zai bi, ka matso da shi bencin gaba ko na mako ɗaya ne ka ga abin da zai yi. In kuma ka aika a tambayi uwarsa, a tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban mutane ba, in ta yi shiru a koma a sake tambaya.